Buton Ƙodago a Gitar Cima

Ku samarin da ke zama a bakin shagona kuna dafa shayi, na ji abin da ɗayanku ya faɗa shekaranjiya, lokacin da na daɗe ina jujjuya buton a hannu kafin in sa shi a gitar wani. Cewa ya yi, “Tsohon nan sai ya yini a kan abin da ko yaron goye zai iya cusawa.” Kuka yi dariya, ni ma na murmusa, don ban ga abin faɗa ba. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba ne. Tunda yau an ɗauke kuran, babu wutar lantarki, aiki ya tsaya, ku miƙo mini kofi ɗaya in ba ku labarin ɗan abin nan da kuke rainawa.

Ni dai ba makaɗi ba ne, ko ganga ban iya bugawa ba. Sunana Habu, gyaran rediyo na koya, a hannun marigayi Iliya da ke da shago a bayan Kasuwar Dole. Ranar da mahaifina ya kai ni aparanti, wato koyon aiki, na zaci za a miƙo mini ƙarfen liƙi da dalma in fara haɗa wayoyi. Sai Iliya ya jawo wani gwangwanin madara ya juye shi a tabarma, buton na matattun rediyoyi suka watse, baƙaƙe da farare da masu ruwan azurfa. Ya kuma ajiye mini damin bolim da ya ɗaure da waya. Bolim shi ne ɗan kayan da ke ɓoye a cikin rediyo yana ƙara murya ko ya rage ta. Masu karatun lekol suna da dogon sunan da suke kiransa da shi, mu bakinmu bai kai can ba. Yana da ƴar sanda ta ƙarfe da ke leƙowa waje, buton kuma shi ne hular da ake kifa wa sandar don yatsa ya samu abin murɗawa. Iliya ya ce, “Kowace sanda ka nemo mata hularta. Wadda ta ƙi shiga kada ka matsa mata.” Ya koma kan aikinsa ya bar ni.

Na daɗe a tabarmar nan har na fara tunanin ko mutumin ya manta da ni ne. Abokaina da suka shiga garejin mota tuni suna kwance inji, ni ina zaune ina wasa da hulunan roba. Amma a nan yatsuna suka koyi abin da har yau nake cin tuwo da shi. Sandar bolim ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai sulɓi, zagayayya, wadda hularta ke da ɗan bis, wato ƙusa mai murɗi, a gefe da ake ɗaurewa da ƙaramin turnabis, abin da wasu ke kira sukuddireba. Akwai wadda aka share mata gefe ɗaya, ita hularta ta hanya ɗaya take shiga. Sai mai haƙora, wadda aka tsaga kanta biyu, kuma ita ce uwar rikici, domin haƙoran iri biyu ne: manya guda goma sha takwas, da ƙanana guda ashirin da huɗu. Da ido ba ka bambancewa sai ka ƙura sosai. Iliya bai taɓa ƙirgawa ba, farce yake ja a kai ya ji. Kayan da ke zuwa mana daga Sin da Japan kusan duka masu manyan haƙora ne, na Amurka kuwa ƙanana. In ka kifa wa wannan hular wancan za ta shiga rabi ta tsaya, daga nan shaiɗan zai raɗa maka cewa ƙarfi kaɗan ya rage.

Cirewa ma aiki ce. Na taɓa ganin Iliya ya kori mutum daga shago don ya zura turnabis ƙarƙashin buton zai ɓalle shi kamar murfin kwalba. Shi tsumma yake zagayawa a ƙarƙashin hular, ya haɗe bakinsa a sama, ya ja tsaye ba tare da ya karkata ba. Da ya rasu iyalinsa suka raba abin da ya bari, ni aka ba ni gwangwanin nan da tsohon ƙarfen liƙinsa na gawayi, don ba wanda ya ga amfaninsu. Ga gwangwanin can a kan kanta, wanda kuke cewa in zubar. Duk rediyon da ya mutu a hannuna sai na cire masa hula na jefa a ciki kafin in ba masu gwangwan gawar.

Gita kuwa ba ni na neme ta ba, ita ta shigo shagona. Buzayen Agadas masu wucewa Kano da ƴan orkes ɗinmu na biki, in waya ta tsinke a cikin gitarsu ko ta kama ƙugi, ba su da wurin zuwa sai mai rediyo, tunda duk waya ce. Ta farko da na buɗe ta wani saurayi ce daga Dogo. Butonsa ya yi sako-sako, sai ya ɗura masa kol, gam ɗin nan mai kamawa nan take, ya danna. Kol ɗin ya bi sanda ya gangara cikin bolim ya daskare, gita ta tsaya a ƙarshen ƙara, ba gaba ba baya. Ya zo yana rantsuwa wai sammu aka yi masa. Na ce masa wanda ya yi sammun yana tsaye a gabana sanye da rigarsa. Sai da na yanke buton da zarto, na yar da bolim ɗin gaba ɗaya, ya jira direban Kano ya kawo wani. Tun daga ranar, in mutum ya shigo da gita, kafin gaisuwa ta ƙare hancina ya fara neman warin kol.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Kayan gyaranmu duka daga Kano suke zuwa a jakar direbobi, sai hanya ta mutu. Kuran ya koma baƙo, ya leƙo ya tafi. Nakan hura gawayi in ɗora ƙarfen Iliya a kai, abin da na zaci na rabu da shi har abada. Mutane suka daina kawo gyara, wanda rediyonsa ya mutu sai ya saurari na maƙwabci. Biki ma ya ƙanƙance, makaɗa da yawa suka jingine kaya suka koma gona ko kabu-kabu. A cikin wannan shekara Cima ta zo.

Wata rana ce da hantsi ta yi sallama, da gita a cikin buhun shinkafa, wuyan ya leƙo waje. Na gane gitar kafin in gane matar. Ta Sanusi ce, wani makaɗi da ya je cin rani Libiya ya dawo da ita, ja, kayan cikinta na Amurka. Ya daɗe yana kawo mini ita kafin ciwo ya ɗauke shi. Cima matarsa ce, ƴar Hamdara. Ashe tun yana da rai ya koya mata a cikin gida, da ya rasu ya bar ta da yara sai ta ɗauki gitar ta bi wata zabiya mai suna Fanna. Akwai gidaje a Damagaram da ba sa barin makaɗi namiji ya shiga zaman mata, to irin waɗannan gidaje su ne kasuwarsu. Fanna na waƙa, mata biyu na kiɗan ƙwarya, Cima na bin su da gita da ɗan ampili mai batir. Da wannan take riƙe gidanta.

Bayan gaisuwa ta zare gitar ta ɗora a teburina.

“Baba Habu, buton nake nema. Na bolim ya fashe ya faɗi cikin rairayi a wani biki, na laluba ban gan shi ba.”

Na duba. Sanduna biyu ne a gitar, duk tsirara. Ɗaya ta gyaran amo ce, bolim ɗinta ya mutu tun zamanin Sanusi, ni na tsallake shi da waya, hularsa ma ta daɗe da ɓacewa. Ɗayar, ta ƙara da rage murya, na ja farce a kanta na ji ƙananan haƙora. Na kawo ta kusa da ido. Ɓari ɗaya na tsagar ya lanƙwashe ciki, ga ɗan layin karaya a gindinsa.

“Wa ya taɓa wannan?”

“Wani mai gyaran salula ne. Ya ce buton duk buton ne, ya sa na rediyo yana bugawa da ƙotar turnabis. Da na ga ya fara nishi na ce ya bar mini abina.”

“Allah ya taimake ki da kika yi magana. Bugu ɗaya ya rage.”

Na ce ta yi haƙuri har hanya ta buɗe, tunda gita na kiɗa ko babu hula. Ta girgiza kai, ta zauna a benci ta yi mini bayanin abin da ban sani ba duk shekarun da na yi ina buɗe cikin gita. A zaman mata, in Fanna ta ɗauko kiran sunayen dangin ango da na amarya, kowace da kirarin gidansu, gita ba ta tsayawa, kuma ba ta rufe suna. Sai dai ta sunkuya ƙarƙashin muryar zabiya, in suna ya wuce ta ɗago. Da ƙaramin yatsa ake yin haka, yana murza buton sauran yatsun na kan tsirkiya. Sanda tsirara kuwa ƙaramin yatsa ba ya iya juya ta, sai an kama da yatsa biyu, in an kama da biyu kiɗa ya tsaya.

“Satin da ya wuce a unguwar Birni,” in ji ta, “Fanna ta ɗauko sunan Hajiya Gaji, gwaggon ango, babbar gidan gaba ɗaya. Hannuna da gumi, sandar ta ƙi juyawa, gita ta hau kan sunan ta danne. Tsohuwar ta tashi ta shige ɗaki, ta ce an kira kowa an ji, ita aka sa wa ƙarfe ya yi mata ihu. Har muka tashi ba ta fito ba.”

“Fanna fa, me ta ce?”

“Ta ce ba ta ƙi ni ba, amma ba za ta rasa gidajen Birni saboda ni ba. Ƙanwar angon nan za a aurar ƙarshen wata, gida ɗaya, tsohuwa ɗaya. Ta ce in aka sake, za ta zuba kiɗa a kile, ɗan abin nan na adana waƙoƙi, ta haɗa da bafil, babbar lasifika, yadda kowa ke yi yanzu, ni in zauna gida.” Ta dubi gitar. “Baba, in na zauna gida ban san me za mu ci ba.”

Na ga ɗayanku ya buɗe baki, na kuma san abin da zai ce: me ya hana a canza bolim ɗin gaba ɗaya a huta? Da akwai na gita a garin da na canza. Na rediyo ne cike da akwatina, shi kuwa ba nauyinsu ɗaya ba, in ka sa wa gita sai muryarta ta toshe kamar mai mura. Hanya ɗaya ce, a samo hula mai ƙananan haƙora da za ta zauna ba tare da an matsa wa sandar ba. Na juye gwangwanin Iliya na bi su ɗaya bayan ɗaya, duka manyan haƙora. Na zagaya masu gyara na Sabon Gari, na tsuguna gaban masu tsofaffin kaya a Dole ina tone-tone har suka fara tambaya ko zinariya na yar. Na samu guda mai bis da ya shiga, na wani tsohon ampilin masallaci, amma bis gefe yake dannawa, gefen kuwa shi ne mai ciwo. Na aika wani direba da ke bi ta daji, na yi masa bayani har bakina ya bushe, ya dawo mini da leda cike da buton, ko ɗaya babu mai ƙananan haƙora. Ga wata yana ta tafiya.

Malam Mutari mai tasbaha, Allah ya jiƙansa, rumfarsa na kallon shagona a lokacin. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yana sassaƙa ƴaƴan tasbaha da itace, wani lokaci da ƙodago, wato farin ƙwallon da ke can cikin goriba, wanda in ya bushe ko guduma sai ta yi da gaske. Ina zaune na rasa abin yi ina kallonsa yana jan bakan hudarsa, sai na lura daga kwanon ruwa yake tsamo ƙodagon kafin ya huda. Na tsallaka na tambaye shi dalili. Ya ce in ya sha ruwa yana laushi ya karɓi abin da aka yi masa, in ya bushe sai ya riƙe. Na ɗauki guda da ya yanke na jujjuya. Cikinsa da ɗan kogo, daidai inda zai rufe notin bolim, kansa kuma da kauri. Hula ce a shirye, huda kawai ta rage mata.

Matsalar ita ce Malam Mutari ba ya shiri da kiɗa. In mai gita ya fara gwada kaya a shagona, yakan ɗauki buta ya tafi alwala ko da lokaci bai yi ba. Na zauna a gefen tabarmarsa.

“Malam, aiki na kawo, amma sai na faɗa maka na mene ne. Hular gita ce.”

Ya ci gaba da jan baka bai ɗago ba. “Habu, hannun nan tasbaha yake yi.”

“Na sani. Ta matar marigayi Sanusi ce, da ita take ciyar da marayu.”

Har na fara shirin tashi. Sannan ya ce, “Ita hular me take yi a jikin abin?”

“Rage ƙara take yi, don a ji sunan mutane.”

“Ragewa?”

“Tana kuma ƙarawa, ba zan ɓoye maka ba.”

Ya ajiye bakan ya dube ni. “Ni ta ragewa zan sassaƙa. In ta ƙara, tsakaninta da Ubangijinta. Kawo awon.”

Ban yarda a gwada komai a kan sandar mai ciwo ba. Na kwance mataccen bolim ɗin gyaran amo, tunda haƙoransu ɗaya, shi ya zama mana abin awo. Malam Mutari ya zaɓi ƙaramin ƙodago, ya yanke gindinsa, ya jiƙa, ya huda shi daga ciki da huda wadda ba ta kai kaurin sandar ba, bai kuma ɓulla waje ba. Muka kifa shi a kan matacciyar sandar, na danna da tafin hannu a hankali har haƙoran suka shata kansu a jikinsa, muka ajiye ya bushe a haka. Na farko da ya bushe ya tsage gida biyu, hudar ta yi masa kaɗan. Malam Mutari ya ɗauko wani ya jefa a ruwa. Na biyu ya ɗan buɗa hudar, muka ajiye shi a inuwa kusa da randa, kullum da safe in zare shi in mayar don kada ya kama ya ƙi fita. Da ya gama bushewa na leƙa ciki, ga haƙora sun fito a jere, kai ka ce inji ya yi su.

Kafin in kifa shi a gita sai da na yi jinyar sandar. Ban kama ɓarin da ya lanƙwashe da pensi, wato filaya, na miƙe ba, ƙarfe irin wannan sau ɗaya yake yarda a lanƙwasa shi. Na yanko ƴar roba mai tauri daga tsohon katin salula, na goge ta a dutse har ta yi daidai da tsagar, na zura a hankali. Ita ta tura ɓarin ya koma wurinsa, ta kuma zama masa majingina. Sannan na ɗora ƙodagon, na jujjuya har na ji haƙori ya faɗa gurbinsa, na danna da babban yatsa ɗaya. Ya zauna ɗas.

Cima ta zo ta gwada a ƙuryar shago, bayan labule. Ta ce girman ya yi, amma yana da sulɓi, yatsa na zamewa. Na zare na tsallaka da shi, Malam Mutari ya yi masa tsaga-tsaga a gefe da ƴar wuƙarsa, ya kuma yi gurbi ɗaya mai zurfi inda yatsa zai faɗa in murya ta sauka daidai. Da na mayar ta ce in kira mata sunaye ta ji. Ni da ban taɓa roƙo ba na tsaya ina kiran maƙwabta, mai faci, mai tsire, mai sayar da siminti, gita na sunkuyawa tana ɗagowa. Har na kira Malam Mutari mai tasbaha. Na leƙa waje na gan shi zaune, butarsa na gefe bai taɓa ta ba. Ya ce, “To, ta rage,” ya ci gaba da hudarsa. Kafin Cima ta tafi na gaya mata gaskiya, sandar nan ɗaure ta na yi, ban warkar da ita ba. Tana iya kai ta shekaru, tana kuma iya karyewa gobe.

Ranar bikin na rufe shago bayan la'asar, na ɗauki jakar kayan aiki na nufi Birni, alhali na san ko sandar ta karye ba ni da hanyar shiga. Ban taɓa bin aikina gidan biki ba sai ranar. Na samu dakali a lungun bayan gidan, jikin katangar da matan ke ciki, na zauna kamar mai jiran wani.

Ƙwarya ta fara, gita ta biyo, muryarta fes. Fanna ta yi ƴan waƙoƙi sannan ta shiga sunaye. Na farko ya zo, na ji gita ta sunkuya, sunan ya fito sarai har lungun da nake, ta ɗago. Na biyu ma haka. Da aka zo kan Hajiya Gaji, Fanna ta ja abin da tsawo da gangan. Ta kira ta, ta kira ubanta da kakanta fataken fata, ta bi gidajen da ta aurar da ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon nan gitar na ƙasa tana tafiya, ba ta mutu ba, ba ta kuma taka ko harafi ɗaya ba. Da Fanna ta dire aka rangaɗa guɗa, na jiyo wata tsohuwar murya tana cewa a maimaita mata. Na ji daɗi ƙwarai, na sa hannu zan ɗauki jakata in tafi.

Sai Fanna ta ɗauko wani suna da ba na dangin ango ba, ba na amarya ba. Ta kira Cima ƴar Hamdara, ta ce mai gitarta ce, ta ce matar Sanusi ce. Tana kaiwa ga sunan Sanusi gitar ta ɗauke ɗif.

Na miƙe tsaye. A raina na ce shi ke nan, sandar ta tafi, ta kuma tsinke waya a ciki. Ga jaka a hannuna, ga turnabis, ga katanga a gabana. Ƙwarya kaɗai ke tafiya, ita ma da sanyin jiki. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, a wurina dai ya yi yawa. Can sai na ji tsirkiya ɗaya ƙasa-ƙasa, sai ta biyu, muryar na tasowa a hankali har ta cika gidan. Abin da ya karye ba ya dawowa a hankali, ko dai ya dawo da ƙara gaba ɗaya ko ya ƙi dawowa. Na koma na zauna.

Gab da magariba mata suka fara fitowa. Cima ta fito da buhunta a kafaɗa, ampili a hannu, ta gan ni ta tsaya.

“Baba Habu, kai ne a nan?”

“Wucewa nake yi.”

Ta dubi jakar da ke hannuna ta yi murmushi. Ta ce Fanna ta ce ta shirya, akwai zama a Mirriya, akwai kuma wani a Dogo bayansa. Na ce madalla, na kuma ce ta zaro gitar in duba tun da sauran haske, don na ji inda ta ɗauke.

Ba ta zaro ba. Ta gyara zaman buhun a kafaɗarta.

“Buton lafiyarsa ƙalau, Baba. Tun da Sanusi ya rasu ban ji an kira sunansa a cikin taro ba sai yau. Hannuna ne ya tsaya.”

Na tsayar mata da kabu-kabu, na riƙe ampilin har ta zauna, sannan na miƙa mata.